Fim Ɗin da Baba Ya Ce Ba Komai a Ciki

A gidanmu na unguwar Umarari, babu faifan fim da yake shiga na'ura sai Baba ya fara kallonsa shi kaɗai. Haka muka taso muka tarar, tun kafin gari ya rikice. Baba yadi yake sayarwa a Kasuwar Litinin. Iyayensa daga Kano suka zo, amma shi a Maiduguri aka haife shi, ya auri Mama wadda Kanuri ce, suka haife mu mu biyu, ni da ƙanwata.

Ranar Juma'a da hantsi yake aikin tantancewar, domin ba ya fita kasuwa sai an sauko daga masallaci. Zai shiga falo ya turo ƙofa, ya rage murya. Turancinsa na ciniki ne, bai wuce na farashi da gaisuwa ba, saboda haka ba ya bin abin da ake cewa. Ido yake sawa. In ya ga tsiraici da yawa, faifan ya koma wurin mai shi. In kaɗan ne, sai ya riƙe wurin a kansa. Ranar da za mu kalla, yana kan kujerarsa da rimot a hannu, da zarar namiji da mace sun matso kusa da juna sai ya danna, mutane su riƙa gudu a allon talabijin kamar an koro su.

"Baba, ai labarin ya ɓace mana," in ji ƙanwata.

"Aure suka yi. Ci gaba da kallo."

Da abin ya yi tsanani a gari, sai fim ya zama shi ne kaɗai fitar da muke yi. An hana hawa babur, an rufe makarantarmu, daga baya aka katse layukan waya. Dokar hana fita takan soma tun rana tana sama. Baba yakan rufe shago bayan azahar, ya kamo keke mai ƙafa uku, ya yi ta sauka a shingayen jami'an tsaro yana ɗaga hannu har ya iso gida. Da la'asar an sa sakata. Sai a ta da ƙaramin janareto, mu yi kallo zuwa magariba, a kashe, saboda Mama ba ta son ƙararsa ta hana mu jin abin da ke faruwa a waje.

A lokacin ne Baba ya ƙara bindiga da jini a kan abin da yake tsallakewa. Yakan ce abin da muke ji daga nesa ya isa, ba sai an kawo mana shi falo ba. Wata safiya ni da ƙanwata mun fita sayen burodi, muka ga mutum kwance a bakin kwata, an rufa masa zane, ƙafafunsa a waje, takalmi ɗaya ya fita. Muka wuce. Da yammar ranar Baba ya tsallake mana wani wuri da aka naushi wani a hanci. Ina shekara goma sha shida a lokacin, ƙanwata kuma sha biyu.

Cikin wannan hali Gwaggo ta dawo gidanmu. Ƙanwar Baba ce, ita ce autarsu, shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu har ya aurar da ita. A unguwar Maisandari take zaune da mijinta, direban motar kaya, ba su samu haihuwa ba tukuna. Wata Laraba ya ɗauki buhunan wake ya fita daga garin, bai isa inda za shi ba, bai kuma dawo ba. Ba a ga motar ba, ba a ga yaron motar ba, babu wanda ya zo ya ce ga abin da ya gani. Ba ta da damar yin takaba tunda ba a ce ya mutu ba. Da aka ɗauki lokaci, Baba ya je ya ce ta kulle ɗakin ta zo mu zauna tare.

Kafin wannan, Gwaggo ce mai sa gidanmu dariya. Takan kwaikwayi Hausar Mama, Mama ta rama da Kanurancin Gwaggo, su yi ta ƙyalƙyala har abinci ya kama. Wadda ta zo mana a wannan karon ba ta da magana. Aiki kawai take nema. Ta share tsakar gida, ta wanke kwanukan da aka riga aka wanke, ta karɓi tsifar kan ƙanwata. In babbar mota ta wuce a titi sai hannunta ya tsaya a kan abin da take yi har ƙarar ta yi nisa. A ɗakina take kwana. Lokacin kallo takan zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ta lulluɓa da laffaya, tana tsince shinkafa a faranti. Baba ya ji daɗin zamanta a wurin. Ya ce ko ba komai zai ɗauke mata hankali.

Wata Alhamis Baba ya dawo da sabon faifai. Ya ce mai sayarwa a bakin kasuwa ya tabbatar masa babu harbi ko ɗaya a ciki. A bangon akwai hoton wata Baturiya tana leƙe ta taga, a ƙasa kuma jan da'ira da lamba goma sha takwas. Ya miƙo mini.

"Uwata, me suka rubuta a nan ƙasa?"

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Na karanta na ce, "Sun ce ba na yara ba ne. Wai akwai abubuwan da ke tayar da hankali, iyaye su lura."

"Wane irin tayar da hankali?"

"Ba su faɗa ba."

Washegari ya turo ƙofa ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Da ya fito har yana murmushi. Ya ce wa Mama bai taɓa ganin fim mai tsafta irin wannan ba. Kowa da suturarsa, babu wuƙa, babu ko mari. Mutane ne kawai a cikin gida mai kyau suna shan shayi suna magana, sai wata mata da take yawan kuka.

"To me ya sa suka sa jan tambari?" in ji Mama.

"'Ya'yan Turawa ne, ko ƙofa ta buga sai su firgita. Ba komai a ciki."

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna. Ni ce mai fassara a gidan, kamar kullum. In aka yi magana sai in faɗa da Hausa a taƙaice. Baba ma ya ajiye rimot a hannun kujera, abin da ban taɓa gani ba.

Tun a farkon fim ɗin na ji matar tana tambayar wani mutum ko an samu labarin mijinta. Na fassara. Sai aka gane cewa mijin ya tafi aiki wani gari ne watanni da suka wuce, bai dawo ba. Ba a taɓa nuna shi ba, ko a hoto, shi ya sa Baba bai san da shi ba. Mutanen da ke kawo mata shayi maƙwabtanta ne da wani likita abokin mijin. Kullum suna ce mata ta kwantar da hankali, ana nan ana bincike. Amma in ta shigo ɗaki sai su yi shiru. In ta juya baya sai su kalli juna. Ta fara zargin sun san wani abu. Da ta faɗa musu, sai suka ce gajiya ce da rashin barci, likitan ya ƙara mata magani.

Muryata ta soma raguwa. Na saci kallon Gwaggo, na ga ta ajiye farantin shinkafa a gefe. Na kalli Baba. Shi ma ya gane, hannunsa ya koma kan rimot. Aka yi wata doguwar magana a fim ɗin, ban fassara ba.

"Me ta ce?" in ji Gwaggo.

"Surutu ne kawai, Gwaggo."

"Faɗa mini abin da ta ce."

Baba ya gyara murya ya ce mai ya kusa ƙarewa a janareto, a bari sai wani lokaci.

"Yaya, ɗazu na ga an cika shi. Ka bar shi." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kalle shi ba. "Ni ba yarinya ba ce. Ke kuma ci gaba."

Baba ya ce wa ƙanwata ta je ta taya Mama hura wuta, ta tashi tana gunaguni. Ita kaɗai ya iya fitarwa. Ya daɗe da yatsa a kan maɓalli bai danna ba. Ina jin ya ga cewa in ya kashe a daidai nan, ya yi irin abin da mutanen cikin fim ɗin suke yi. Na ci gaba da fassara. A ƙarshe matar ta gano cewa tun makon farko aka tsinci gawar mijin, maƙwabtan da likitan suka haɗa baki suka binne shi, suka ɓoye mata, wai don zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Fim ɗin ya ƙare tana zaune a kujera, ɗayansu yana miƙo mata kofi, ita kuma tana kallonsa kawai.

Aka kira sallar magariba. Gwaggo ta ɗauki farantinta ta fita.

Kwana biyu ba ta ce komai ba, har na ɗauka abin ya wuce. Sai na lura duk lokacin da Baba da Mama suke magana ƙasa-ƙasa a ɗaki, Gwaggo tana share bakin ƙofar. Su kuwa a kwanakin nan kowace magana ƙasa-ƙasa ake yin ta, ko ta cefane ce, domin ba ka san wanda ke bayan katanga ba. In ta shigo sukan yi shiru, don tausayi, kada su ambaci wani da aka kashe ko wata hanya da aka tare a gabanta. Da can ba ta damu da wannan shirun ba. Yanzu ta fara lura da shi.

Wata rana muna wanki, ta riƙe hannuna a cikin kumfa.

"'Yata, ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Me kika ji suna cewa?"

"Wallahi Gwaggo ban ji komai ba."

"Sun hana ki faɗa ko?"

Na rantse, na sake rantsewa. Ta saki hannuna ta ce ba komai, ta san ni yarinya ce, abin da aka ce mini shi zan yi.

Daga nan ta daina karɓar shayi daga hannun Mama. Mama takan dafa mata da kanumfari da citta don ta samu barci, sai Gwaggo ta ce ta ƙoshi, ko ta karɓa ta zubar a bayan randa. Maƙwabciyarmu ta shigo ta gaishe ta da "wushe", wato sannu da Kanuranci, ta ƙara da cewa Allah Ya ba da haƙuri, Gwaggo ta bi ta har zaure tana tambayar haƙurin me. Mama ta yi kuka a kicin ranar. Ta ce shekara nawa suna cin abinci a kwano ɗaya, yau ita ake zargi da zuba magani.

Abin ya fashe ne wata ranar da Baba ya dawo daga kasuwa a makare, ƙafafunsa duk ƙura, kuma bai iya cin abinci ba. Yana alwalar la'asar Gwaggo ta zo ta tsaya a kansa.

"Yaya, yau ba ka je shago ba."

Ya ce gaskiya ne. An ce masa an kawo gawarwaki daga wata hanya, ya je ɗakin ajiye gawa ya duba. Babu shi a ciki. Ya ce wannan ba shi ne zuwansa na farko ba, tun da abin ya faru duk inda ya ji an kawo mutane yana zuwa, kuma yana bin tashoshi yana tambayar direbobi.

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Me zan gaya miki? In ce na je na ga gawar 'ya'yan mutane na dawo?"

"To me kuma ba ka gaya mini ba?"

Baba ya ƙarasa alwalarsa, ya shiga ɗaki ya fito da Alƙur'ani, ya ɗora hannu a kai a tsakar gida, a gabanmu duka. Ya ce bai san ko mijinta yana raye ko ya mutu ba, bai ga gawarsa ba, babu wanda ya gaya masa komai. Ban taɓa ganin Baba ya rantse da Alƙur'ani ba, ko a rikicin kasuwa.

Gwaggo ta dube shi ta ce, "Mutanen cikin fim ɗin ma ai don suna sonta suka yi."

Ta koma ɗaki. Baba ya tsaya da Alƙur'anin a hannu har Mama ta zo ta karɓa.

Bayan sallah ya kira ni zaure. Na zaci zai yi mini faɗa ne a kan fassarar, amma sai ya ce in zauna. Ya tambaye ni ko ni ma fim ɗin ya tsaya mini a rai. Na ce e, wani lokaci in ya yi shiru nakan ce ko akwai abin da yake ɓoye mana. Ya gyaɗa kai. Ya ce akwai, da yawa ma. Ya faɗa mini sunayen mutum biyu a layinsu na kasuwa da aka kashe, waɗanda ya ce mana sun koma Kano. Ɗaya daga cikinsu yakan ba mu dabino in mun je shago. Ya ce daga yau in na tambaye shi abu zai gaya mini gaskiya, in kuma ba zai iya faɗa ba, zai ce ba zai iya ba. Game da ƙanwata, ya ce a bi ta a hankali, amma kada a ƙara yi mata ƙarya.

"Kin karanta mini gargaɗin nan," in ji shi. "Ni ne na ɗauka abin da ido ya gani shi kaɗai ne yake cutarwa."

Da aka sake cewa an kawo mutane, Baba ya zo ƙofar ɗakinmu ya ce wa Gwaggo ta sa mayafi. Mama ta ce wannan ba wurin mace ba ne, ya ce ya sani. Suka hau keke suka tafi. Ban san abin da ta gani a can ba, ba ta taɓa faɗa ba. Da suka dawo ta yi amai a bakin kwata, ta yi wanka, ta kwanta da rana. Amma da aka sake samun labari, ita ta riga shi shiryawa. Haka suka yi ta zuwa tare, ɗakin gawa, tashar manyan motoci, har sansanin da aka tara mutanen ƙauyukan da ke kan hanyar da mijin ya bi. Ita take tambaya da bakinta, Baba yana tsaye a gefe.

Wannan ya sa ta koma karɓar shayin Mama. Ta daina tsayawa a bakin ƙofa. Amma dariyar ba ta dawo ba, kuma tsakaninta da Baba sai gaisuwa da maganar inda za a je. Da damina ta wuce ta ce za ta koma Maisandari, kada mijinta ya dawo ya tarar da ɗaki a kulle. Baba bai hana ta ba. Uwar mijin ta koma can suka zauna tare.

Kallo a gidanmu bai tsaya ba, sai dai ya ragu. Ranar Juma'a Baba yakan kira ni falo mu tantance tare, ina gaya masa abin da ake cewa. Sau da yawa yakan dakatar ya tambaye ni, wannan me ya sa take kuka, wancan wa ya rasa. Faifai da yawa sun koma wurin mai su ba tare da an ga ko gwiwar mace a ciki ba.

Shekaru suka wuce, aka buɗe makarantu, aka sassauta dokar hana fita, na yi aure. Mijin Gwaggo bai dawo ba. Malamai suka ce tunda ta jira iyakar abin da shari'a ta nema, tana iya yin takaba ta yi wani auren. Ta yi takabar, auren kuwa ta ƙi. Turaren wuta take haɗawa tana sayar wa masu biki, da shi take riƙe kanta da tsohuwar.

Hawan jini ne ya kwantar da Baba. Ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, maganarsa ta yi nauyi. Wata ranar da jikin ya yi tsanani ina zaune a gefensa da rana, Gwaggo ta shigo da kwanon kunu. Ta zauna a bakin gado ta ba shi da cokali, tana goge masa baki da gefen laffayarta. Da ya ƙoshi ta ajiye kwanon. Ta san ina wurin, ba ta ce in fita ba.

"Yaya," ta ce a hankali, "yanzu zan iya ɗauka. In akwai, ka gaya mini."

Baba ya daɗe yana haɗa kalmomin. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye.

"Wallahi ban sani ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗaga kansa ta gyara masa matashi, ta ja bargo ta rufe masa ƙafa. Ta zauna tana masa fifita har aka kira la'asar, sannan ta ce za ta tafi, ta bar tsohuwa ita kaɗai a gida. Na raka ta bakin titi. Mun daɗe a tsaye kafin mu samu keke mai zuwa Maisandari, da ta shiga sai ta leƙo ta ce in gaya wa Mama a rage masa gishiri a miya.